BABI NA HUƊU: "KADA A TAƁA": TSOKACI A KAN TSARIN NUNI A GIDAJEN TARIHI DA KOYON KIMIYYA A KUDANCIN KANO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin sana'o'in gargajiya da ake samu a ƙasar Tudun Wada da maƙwabtanta, wato Bebeji da Ƙiru da Doguwa. Wannan babi zai dubi yadda ake nuna kayan irin waɗannan sana'o'i a gidan tarihi, da abin da yaron makaranta yake ƙaruwa da shi idan an kai shi kallo. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kimiyyar da ke cikin sana'ar Bahaushe tana cikin aikin ne, wato cikin abin da hannu yake yi da abin da ido yake gani yana sauyawa, kuma nunin da ya ɗauki kayan da aka gama ya ajiye a bayan gilashi ya riga ya zubar da wannan kimiyya tun kafin yaro ya shigo zaure. Za a kuma auna tsarin nunin taɓawa da ya yi tashe a ƙasashen Turai da Amurka, domin a ga inda zai yi amfani a wannan yanki da inda ba zai yi ba.

4.1 Nunin Kallo

Gidan tarihin da ɗaliban Jihar Kano suka fi sani shi ne Gidan Makama, wanda ke kusa da fadar Sarki a cikin birni. Ana danganta ginin da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), kuma bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da shi wajen harkokin mulkinsu. Yana ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda aka kafa a 1979. Mai ziyara zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da manyan tukwane, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna da na zamanin Turawa, da kayan sana'o'i, har da kwaikwayon ɗakin amarya. Ta fuskar tarihin sarauta da tsarin ginin Hausa, gidan ya cika aikinsa, kuma shi kansa ginin, da bakan gizonsa da kaurin bangonsa, darasi ne.

Sai dai ya kamata a tuna da dalilin da ya sa aka fara kafa gidajen tarihi a Nijeriya. Kenneth Murray, wanda aka ɗora wa aikin binciken kayan tarihi a 1943, da Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, babban abin da ya dame su shi ne yadda kayan da ke lalacewa, da yadda ake kwashe su ana fita da su ƙasar waje. Saboda haka gidan tarihi ya taso ne a matsayin ma'ajiya, ma'aikacinsa kuwa mai tsaro. Dokar "kada a taɓa" daga nan ta samo asali, kuma doka ce mai hujja, domin sulken da ya shekara ɗari biyu ba zai jure hannun 'yan makaranta dubu ba. Wannan nazari bai ga laifin dokar ba a kan kayan da ba su da madadi. Inda gizo yake saƙar shi ne, an shimfiɗa dokar a kan komai, har a kan abubuwan da ake saye a kasuwar Tudun Wada ko ta Kwanar Dangora kowane mako, irin su zugazugi da tulu da mazari da ƙwarya. Idan aka rataye zugazugi a bango aka rubuta sunansa a ƙasa, an nuna wa yaro fatar akuya ce kawai. Abin da ya mai da ita zugazugi, wato iskar da take turawa cikin gawayi har wuta ta tashi daga ja ta koma fari, ba ya cikin zauren.

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan karin magana aka gina nunin kallo. Amma su ne dai suka ce gani ba ci ba.

4.2 Abin da Gilashi Yake Ɓoyewa: Misalin Rini

Babu sana'ar da ta fi rini fito da wannan matsala fili. Kano ta yi suna a kanta tun da daɗewa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, har yanzu tana karɓar baƙi, garin Kura kuwa, da ke kan hanyar Zariya, sunansa ne ya zama sunan rawanin da Buzaye suke alfahari da shi, wato ɗan Kura. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya bayyana yadda rinannun tufafin Kano suke kaiwa Tambutu da Gat da Tarabulus, sa'annan Philip Shea ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan wannan ciniki a ƙarni na 19. A gidan tarihi, duk wannan yakan taƙaita ne a kan riga mai sheƙi da hoton marini a bakin karofi.

Ga abin da yake faruwa a cikin karofin. Launin da ke cikin ganyen baba ba ya narkewa a ruwa, don haka da za a jiƙa shi kawai a tsoma zane, da wankewa ɗaya zai fita. Marini yakan haɗa baba da ruwan toka da katsi, ya bar su kwanaki yana motsawa da muciya. Toka tana sa ruwan ya yi kaifi irin na kanwa, a cikin irin wannan ruwa kuwa wasu ƙwayoyin bakteriya suke yaɗuwa, su cinye iskar oksijin da ke ciki, su sauya launin ya koma wani nau'i mai narkewa, wanda ba shuɗi ba ne, tsanwa-tsanwa ne mai ratsin rawaya. Shi ne yake ratsa zaren auduga. Da zarar an ɗago zanen iska ta buge shi, sai oksijin ya sake kama launin, ya mai da shi shuɗi, ya kuma kulle shi a cikin zaren. Dalilin da ya sa marini yake tsomawa ya ɗago, ya sake tsomawa ya ɗago, ke nan, kuma yawan tsomawa shi ne yake kai zane daga shuɗi mai haske zuwa baƙi wuluk. Wannan sauyi na karɓar oksijin da rabuwa da shi yana cikin manyan darussan kimiyyar sinadarai a babbar sakandare, kuma yana cikin waɗanda ɗalibai suka fi haddacewa ba tare da sun taɓa ganinsu ba. A bakin karofi kuwa yana faruwa cikin 'yan mintoci, a gaban idon kowa.

Marini ba ya kiran sunan oksijin, amma yana da ma'auninsa. Yakan duba launin kumfar da ta taso, ya shinshina, wani ma ya ɗanɗana, ya san ko baba ya nuna ko da saura, ko kuwa ya gaji. Hatta dagwalon da ya kwanta a gindin karofi ba ya zubarwa: ana kwashe shi a shanya a ƙone, ya zama katsi, a mai da shi cikin sabon haɗi, ko a haɗa laso da shi a shafe cikin karofi don kada ruwa ya tsiyaye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da riga mai sheƙi za ta iya faɗa wa yaro.

Alhali kuwa nuna su ba ya bukatar tsada. Tukunya ɗaya ta baba da ya nuna, da ƙullin farin zare, sun isa. A bar yaro ya tsoma zare biyu da hannunsa, ya ɗago ɗaya ya baza a iska, ɗayan ya yi maza ya cusa a leda ya matse iskar ya ɗaure, sa'annan a tambaye shi wanne ya riga shuɗewa, kuma me ya sa. A gefe guda a ajiye ruwan zoɓo a kofuna uku, ya ɗiga ruwan tsamiya a ɗaya, ruwan toka a ɗaya, ya bar na ukun. Na tsamiya zai ƙara ja, na toka zai juya ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Da wannan ya gano da kansa bambancin abu mai tsami da abu mai kaifin kanwa, wanda a makaranta ake koya masa da wata 'yar takardar gwaji da sau da yawa sai dai ya ji sunanta. Ya kuma gano cewa toka tana da aikin da take yi a karofi, ba al'ada ce kawai aka gada ba.

Asarar da nunin kallo yake jawowa a nan iri biyu ce. Ɗan marini yakan fita da tunanin cewa sana'ar gidansu kayan tarihi ce, wato abin da ya mutu, tun da ga ta nan an jera ta tare da takubban yaƙin basasa. Ya kuma koma aji da tunanin cewa kimiyya wani abu ne na Turawa da ake yi da Turanci a cikin farar riga. Ta haka gidan da aka gina don raya al'ada yake taimakawa, ba da niyya ba, wajen raba yaro da ita.

4.3 Nunin Taɓawa da Illolinsa

Tunanin barin mai ziyara ya sa hannu ba sabo ba ne. Gidan tarihin kimiyya na birnin Munik a Jamus, wanda Oskar von Miller ya assasa a 1903, tun farko ya tanadi injunan da baƙo zai juya ya ga aikinsu. Gidan tarihin kimiyya na Landan ya buɗe zauren yara a 1931. Amma wanda ya fi yin tasiri shi ne Exploratorium, wanda Frank Oppenheimer ya buɗe a San Faransisko ta Amurka a 1969. Shi ƙane ne ga Robert Oppenheimer da ya jagoranci ƙera bom ɗin nukiliya. Ya rasa aikinsa na jami'a a 1949 saboda ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis, ya koma kiwon shanu a jihar Kolorado, daga baya ya koyar da kimiyya a sakandaren wani ƙaramin gari. Wannan zama na karkara ya bayyana a tsarin gidan da ya kafa. Ya sa ma'aikatar da ake ƙera kayan nunin a fili, inda baƙi suke ganin kafinta da maƙeri suna aiki, ya ɗauki 'yan sakandare su zama masu bayani maimakon masu gadi, sa'annan gidan ya wallafa littattafan da ke nuna yadda kowa zai ƙera irin kayan a garinsu.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗanda suke kwaikwayon wannan tsari suna ɗaukar ƙyalƙyalin ne su bar asalin. Masana ilmi a can ma sun daɗe suna kukan cewa hannu kan yi aiki alhali kai yana barci: yaro ya danna maɓalli, fitila ta kama, ya yi dariya ya ruga na gaba, bai tambayi komai ba. Taɓawa ita kaɗai ba ta koyar da kimiyya. Abin da yake koyarwa shi ne a ba yaro damar ya sauya abu ɗaya ya bar sauran, ya faɗi abin da yake zato zai faru, sa'annan sakamakon ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi. Saboda haka wannan nazari ya fi son a kira tsarin da sunan "gwada-ka-gani" maimakon "taɓa-ka-gani", domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Illa ta biyu ita ce tsada da lalacewa. Abin da aka ce kowa ya taɓa, dole ya karye, kuma gidan da ba shi da mai gyara a cikinsa, cikin shekara guda zai koma nunin kallo na matattun injuna. Ko a ƙasashe masu kuɗi abin ba shi da sauƙi. Cibiyar kimiyya ta Ontariyo a Kanada, wadda ita ma aka buɗe a 1969, an rufe gininta a watan Yuni na 2024 saboda rufinsa ya lalace. Nijeriya kuwa tana da nata darasin. Lokacin da aka fara aiwatar da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa ƙananan sakandare, kuma sanannen abu ne cewa da yawansu sun tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, babu malamin da ya san kansu. Duk wanda ya kawo shawarar a gina katafariyar cibiyar kimiyya da kayan waje a Tudun Wada, sai ya fara amsa tambayar waɗancan akwatuna.

Misalan da suka fi kusa da halin da ake ciki suna Indiya da Nijar. Gidan tarihin fasaha na Birla da ke Kalkata ya fara ɗora kayan gwaji a mota yana kai wa makarantun ƙauye tun 1965, domin ya lura yaran karkara ba za su zo birni ba. A Yamai kuwa, gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, ya ba masu sana'a wuri a harabarsa, inda maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suke aikinsu suna sayarwa baƙi suna kallo. Wannan ya fi rataye kaya a bango nesa ba kusa ba, ko da yake har yanzu kallo ne, hannun mai sana'a ne yake aiki, ba na yaro ba.

4.4 Kayan Gwajin da ke Kudancin Kano

Daga Riruwai, hedikwatar Doguwa, zuwa Gidan Makama tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuma makarantar ƙauye da za ta iya ɗaukar nauyin mota da abincin aji guda don wannan ziyara ba ta da yawa. Gwamnatin Jihar Kano ta yi ƙoƙari a 1977 da ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Abdalla Uba Adamu ya nazarci shekarunsu goma na farko, kuma sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma makarantu ne na zaɓaɓɓu, sai wanda ya ci jarrabawa. Amfanin gidan nuni shi ne ba ya tambayar takardar shaida: ɗan firamare da almajiri da mai talla duk ƙofa ɗaya za su shiga.

Abin mamaki shi ne, da wuya a sami wani yanki a jihar da ya kai wannan yawan abin nunawa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana ƙasar Bebeji, kuma an tsara ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Yaran yankin suna ganinta, amma kaɗan ne aka taɓa tambaya me ya sa gindin madatsa ya fi samanta kauri. Gorar roba mai huda uku, ɗaya sama ɗaya tsakiya ɗaya ƙasa, za ta amsa wannan: ruwan hudar ƙasa ya fi fita da ƙarfi, domin nauyin duk ruwan da ke samansa yana danna shi. Daga Tiga ruwan yake gangarawa ta magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura ba tare da inji ya tura shi ba, manoma kuwa suna ɗebo shi daga magudana zuwa kunya da lanƙwasasshen bututu, su cika shi da ruwa, su toshe baki ɗaya da tafin hannu, su jefa shi ƙetaren gaɓa, ruwa ya hau tudu ya sauka da kansa. Yaron da ya taso a wurin ya iya wannan tun yana shekara bakwai. Bokiti biyu da tiyo sun isa a sa shi ya ɗaga ɗaya ya sauke ɗaya, har ya gano cewa ruwan yana tsayawa cak da zarar bakin fita ya daidaita da saman ruwan da ake ɗiba. Haka nan jigo na masu lambu a fadama, wanda darasi ne cikakke a kan yadda tsawon sanda yake rage nauyin kaya.

A Riruwai akwai kuza. Mutanen wurin sun san narka ta tun kafin zuwan Turawa, kuma siraran sandunan kuza da aka gani a kasuwanni suna cikin abin da ya jawo hankalin Kamfanin Neja zuwa duwatsun wannan sashe da na Jos. Mai wankin kuza yana raba ta da yashi ne da ruwa da ƙwarya, yana juyawa har yashi ya fice, baƙin tsaki ya kwanta. Dalili kuwa shi ne dutsen kuza ya ninka ruwa nauyi kusan sau 7, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Idan aka cika gwangwani biyu masu girma ɗaya, wannan da kuza wannan da yashi, aka ɗora wa yaro a tafin hannu, ya fahimci abin da littafi yake nufi da nauyin abu gwargwadon girmansa, fahimtar da ba za ta bar shi ba. Za a iya ƙara masa da cewa kuza tana narkewa a zafin digiri 232, ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500, shi ya sa maƙerin baƙi yake bukatar zugazugi da gawayin ƙirya, kuma shi ya sa matoyar tama da aka gano a gindin Dala, wadda aka kiyasta shekarunta zuwa ƙarni na 7, abin alfahari ce ta fuskar fasaha.

Dajin Falgore, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin gandun daji goma da ta amince su zama na ƙasa a 2020, shi ma makaranta ce ta itatuwa da tsuntsaye, sai dai kai yara can ya danganta da tsaro, don haka ba za a gina shawara a kansa ba.

Misalin da ya fi dacewa a kafa hujja da shi ya fito ne daga Jigawa. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta da ya taso a gidan maginan tukwane, ya ɗauki abin da kowace mace ta sani, wato randa tana sanyaya ruwa, ya tambayi dalili. Jikin randa yana da ƙananan kafofi da ruwa yake tsattsafowa ta ciki, idan iska ta ɗauke wannan damshi sai ta tafi da zafi. Sai ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Rahotannin lokacin sun nuna gauta kan kai kwana 27 a ciki maimakon kwana 3, kuma wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Bai shigo da komai daga waje ba. Abin da ya ƙara wa magina shi ne tambaya da gwaji da ƙidayar kwanaki. Zauren gwada-ka-gani a Tudun Wada zai iya jera irin wannan tukunya tare da tulun da aka shafe da fenti da bokitin roba, a ba yara ma'aunin zafi da allo su riƙa rubutawa. Da yake kudancin Kano ya fi arewacinta ruwan sama, za su kuma tarar cewa sanyin da tukunyar take bayarwa a watan Maris ya fi na watan Agusta, domin iskar damina ta riga ta ƙoshi da damshi. Gano inda dabara take kasawa shi ma kimiyya ne.

4.5 Wasu Ƙalubale

Za a iya yi wa wannan ra'ayi suka cewa sana'a daban, kimiyya daban, kuma sukar tana da ƙarfi. Marini ya san yadda ake yi, amma ba dole ne ya san dalili ba, kuma sana'o'in Hausa a cakuɗe suke da sirri da surkulle. Maƙerin da yake wasa da jan ƙarfe a gaban jama'a ba zai ce ga bayanin abin ba, zai ce gado ne. Idan aka kawo masu sana'a aka zaunar da su, aka tsaya a nan, an buɗe kasuwar baje koli ne kawai. Dole a sami malamin kimiyya a gefen mai sana'a, wanda zai kawo ma'auni da agogo da tambayar "idan aka cire toka fa?" Haka kuma dole mai sana'ar ya yarda a yi wannan tambaya a gabansa, a kuma biya shi ladan lokacinsa, domin ba kowa ne zai so a tone abin da ya gada a gaban yaran da ba na gidansu ba. Akwai kuma sassan kimiyya, kamar lantarki da ƙwayoyin halitta, da ba a samunsu a marina ko maƙera, waɗanda sai an nemo batir da waya da madubin ƙara girma. Sana'a mashiga ce, ba ita ce dukkan gidan ba.

Sai batun 'yan mata. Rini na karofi da ƙira da wankin kuza a bainar jama'a galibi ana kallonsu a matsayin aikin maza, kuma zauren da aka cika da su kaɗai zai sake gaya wa yarinya cewa kimiyya ba tata ba ce. Alhali kaɗi da mazari, da haɗa sabulun salo daga toka da mai, da daddawa, da tatsar man gyaɗa, da kindirmo, duk a hannun mata suke, kuma kowannensu gwaji ne da za a iya yi a tsakar gida.

Na ƙarshe shi ne harshe, wanda shi ya fi shafar wannan sashe. Rubutun da ake liƙawa a jikin kayan nuni yawanci suna ne da shekara, sau da yawa kuma da Turanci. A zauren gwaji rubutun umarni ne da tambaya, kuma idan yaro bai gane shi ba, gwajin ya tashi a banza. Manufar gwamnati a kan wannan ba ta tsaya wuri ɗaya ba: a 2022 an amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka soke. Gidan nuni ba ya ƙarƙashin wannan doka, ba ya shirya jarrabawa, don haka babu abin da zai hana shi magana da Hausa, da boko da ajami. Masu cewa Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba sun manta cewa Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da littafin Ikon Allah tun 1949, inda suka yi bayanin halittu da Hausar da ɗan firamare yake ganewa. Wahalar da ke akwai ta zaɓen kalma ce. Idan aka rubuta "iska" a jikin tukunyar baba, yaro zai ɗauka kaɗawar iska ce take shuɗa zare, kamar yadda take busar da wanki, wani ma hankalinsa ya tafi ga iskoki. Idan aka rubuta "oksijin" kawai, an koma haddar da ake gudu. Mafita ita ce a bar gwajin ya riga kalmar: a kifa kofin gilashi a kan kyandir mai ci ya ga ya mutu, a nuna masa zaren da ke cikin leda bai shuɗe ba, sa'annan a gaya masa cewa abin da wutar ta rasa da abin da zaren ya rasa abu ɗaya ne, wani kaso ne na iska da ya kai kusan ɗaya bisa biyar, kuma sunansa oksijin.